Haɗewar Korean Air da Asiana: Jarrabawar da ke jiran matuƙa a ɗakin tuƙi

A ranar 12 ga Disamba, 2024, kamfanin jiragen sama na Korean Air ya kammala sayen kashi 63.88 cikin 100 na hannun jarin babban abokin hamayyarsa na cikin gida, Asiana Airlines, a kan kuɗin Koriya ta Kudu won tiriliyan 1.5. Cinikin, wanda aka sanar tun Nuwamban 2020, ya shafe shekara huɗu yana zagaya hukumomin hana babakere a kasuwa na ƙasashe da yankuna 14. Tarayyar Turai ba ta amince ba sai da aka yarda za a sayar da sashen dakon kaya na Asiana, a kuma buɗe wa kamfanin T'way Air hanyoyin Paris da Frankfurt da Rum da Barcelona. Tsarin da aka shimfiɗa shi ne Asiana ya ci gaba da aiki da sunansa na kimanin shekara biyu a ƙarƙashin sabon mai shi, daga nan a narkar da shi gaba ɗaya. Ƙananan kamfanoninsu masu rahusa, Jin Air da Air Busan da Air Seoul, su ma za su koma kamfani guda.

Yawancin muhawarar da ta biyo baya ta tsaya ne a kan kuɗin tikiti, da makomar makin da fasinjoji suka tara, da sabon fentin da Korean Air ya ƙaddamar a Maris ɗin 2025. Akwai wani ɓangaren da fasinja ba ya gani, alhali ransa ya rataya a kansa. Ranar da haɗewar ta kammala, kyaftin ɗin da ya yi shekara ashirin a wancan kamfani zai zauna kafaɗa da kafaɗa da mataimakin da ya taso a wannan, a cikin ɗakin da bai kai girman shagon mai shayi ba, su ɗauki ɗaruruwan mutane su tsallaka teku da su. Kowannensu ya zo da littafin ƙa'idojin da ya haddace, da irin horon da ya samu, wataƙila kuma da ƙorafin da ya ƙulla a zuci game da matsayin da aka ba shi a sabon kamfanin. Tarihin sufurin sama ya nuna cewa haɗa waɗannan mutane biyu ya fi haɗa asusun kamfanonin wuya.

Yadda aka koyi yin magana a gaban kyaftin

Shekaru hamsin da suka wuce, kyaftin sarki ne a jirginsa, maganarsa kuma yanke ce. Haɗura biyu ne suka girgiza wannan tsari. A ranar 27 ga Maris, 1977, jiragen Boeing 747 guda biyu, na KLM da na Pan Am, suka yi karo a kan titin jirgi a tsibirin Tenerife cikin hazo, mutum 583 suka rasu. Kyaftin ɗin KLM, wanda shi ne jagoran masu horar da matuƙan irin wannan jirgi a kamfaninsa, ya fara gudun tashi ba tare da samun izini ba. Injiniyan jirgin ya tambaya ko ɗayan jirgin ya bar titin, kyaftin ya amsa da ƙarfin gwiwa cewa ya bari, ba wanda ya sake cewa uffan. A Disamban 1978 kuma wani jirgin United Airlines ya yi ta shawagi kusan awa guda a kusa da birnin Portland na Amurka, kyaftin ya duƙufa kan matsalar ƙafafun sauka, har mai ya ƙare. Na ƙasa da shi sun ambaci batun man, amma ba da kakkausar muryar da za ta juyo da hankalinsa ba. Mutum 10 suka mutu.

Daga nan ne hukumar NASA ta shirya taron ƙwararru a 1979, United kuma ya fara koyar da matuƙansa a 1981 abin da ake kira CRM a taƙaice, wato horon aiki tare a ɗakin tuƙi. Jigonsa mai sauƙin faɗi ne. Wajibi ne ƙarami ya faɗi abin da ya gani, da kalmomin da ba su da harshen damo, ya maimaita idan ba a ji ba, ya karɓi tuƙi idan rai na cikin haɗari kuma babba bai amsa ba. Wajibi ne babba ya nemi ra'ayi tun kafin a tashi, ya kuma saurara. An ga amfaninsa a Yulin 1989, lokacin da injin wani DC-10 na United ya tarwatse a sama ya lalata dukkan hanyoyin sarrafa jirgin. Kyaftin Al Haynes da abokan aikinsa, tare da wani malamin matuƙa da ke cikin fasinjoji, suka lallaɓa jirgin da ƙarfin injuna biyun da suka rage har filin Sioux City. Fiye da mutum 180 cikin 296 suka tsira, Haynes kuma ya sha danganta hakan da wannan horo.

Tabon da kowane kamfani ya zo da shi

Korean Air ya koyi wannan darasi da tsada. A ranar 6 ga Agusta, 1997, jirginsa Boeing 747 ya afka wa wani tudu 'yan kilomitoci kafin titin sauka a tsibirin Guam, cikin dare da ruwan sama. Daga cikin mutum 254 da ke ciki, 228 suka rasu. Hukumar binciken haɗuran sufuri ta Amurka, NTSB, ta ɗora alhakin a kan kyaftin da bai yi wa abokan aikinsa cikakken bayanin yadda za a sauka ba, bai kuma bi matakan saukar daidai ba, da kuma mataimakinsa da injiniya da suka kasa sa ido a kansa yadda ya kamata. Ta ambaci gajiyar kyaftin, da ƙarancin horon da kamfanin ke bayarwa, da kuma na'urar gargaɗin kusantar ƙasa ta filin jirgin da hukumar jiragen saman Amurka ta taƙaita aikinta da gangan. Mataimakin ya nemi a fasa saukar, amma sai da ya rage 'yan daƙiƙu.

A Afrilun 1999 wani jirgin dakon kaya na kamfanin ya faɗi a Shanghai bayan matuƙan sun rikita mita da ƙafa wajen lissafin tsayin da aka ba su. A ranar 22 ga Disamba na shekarar, wani 747 na kaya ya faɗi jim kaɗan bayan tashi daga filin Stansted da ke kusa da Landan. Na'urar da ke nuna wa kyaftin karkatar jirgi ta lalace, ta mataimakinsa kuwa lafiya lau take. Ƙararrawar gargaɗi ta yi ta kaɗawa, injiniya ya yi magana, amma mataimakin da gaskiya ke gaban idonsa bai karɓi tuƙin ba. Dukkan mutum huɗun da ke ciki suka mutu.

A wannan shekarar kamfanonin Delta da Air France suka dakatar da haɗin gwiwar sayar da kujeru da Korean Air. A 2000 kamfanin ya ɗauko David Greenberg, tsohon babban jami'i a Delta, ya damƙa masa harkokin tuƙi. Aka sake fasalin horo, aka tsaurara sharaɗin iya Turanci, aka ƙara ɗaukar matuƙan da ba su fito daga rundunar sojin sama ba, aka kuma jingina ƙarin girma da ƙwarewa. Sakamakon a bayyane yake: tun haɗarin Stansted, Korean Air bai sake yin haɗarin da ya ci rai ba, ko da yake wani A330 nasa ya zarce titi a Cebu ta ƙasar Filifin a Oktoban 2022 ba tare da asarar rai ba.

Asiana, wanda aka kafa a 1988 domin karya babakeren Korean Air, nasa tabon ya fi sabunta. A ranar 6 ga Yuli, 2013, jirginsa Boeing 777 ɗauke da mutum 307 ya daki katangar bakin teku a gaban titin sauka na San Francisco, da rana tsaka, sama garau. 'Yan mata uku suka rasu. Wanda ke tuƙi gogaggen kyaftin ne mai kusan awa 10,000 a sama, amma bai cika awa 50 a kan irin wannan jirgi ba, malamin da ke kusa da shi kuma ranar ce tafiyarsa ta farko a matsayin malami. Matuƙin ya kashe tsarin da ke riƙe gudun jirgi kai tsaye ba tare da ya sani ba. Gudun da ya kamata ya tsaya a kimanin kilomita 254 a awa ya zube zuwa kimanin 191 kafin a yunƙura a fasa sauka. NTSB ta ambaci rashin sa ido a kan gudu, da jinkirin yanke hukunci, da musayar magana da ta kauce wa ƙa'ida, da kuma sarƙaƙiyar na'urorin jirgin da littattafan Boeing da horon Asiana ba su fayyace sosai ba. Ta kuma shawarci kamfanin ya riƙa bai wa matuƙa damar tuƙi da hannu domin kada ƙwarewarsu ta dushe. Gwamnatin Koriya ta Kudu ta hukunta Asiana da dakatar da zirga-zirgarsa zuwa San Francisco na kwana 45, kamfanin kuma ya ɗauko wani ƙwararre daga kamfanin ANA na Japan ya shugabanci sashen kiyaye haɗura.

Kowane ɗaya daga cikin kamfanonin biyu, ke nan, ya yi wa kansa gyara bayan masifa, amma a lokuta daban, a hannun malamai daban. Abin da za a haɗa yanzu magunguna biyu ne da aka harhaɗa wa cuta iri ɗaya.

Shin laifin al'adar Koriya ne?

Tun bayan da marubuci Malcolm Gladwell ya yayata batun a 2008, ya zama ruwan dare a ce matsalar tana cikin al'adar Koriyawa ta girmama na gaba, da harshensu mai matakan ladabi da yawa. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Matuƙa da dama a ƙasar tsofaffin sojojin sama ne, kuma wanda ya riga wani shiga makarantar soja yakan ci gaba da zama babbansa har bayan sun tuɓe kaki. Sai dai wannan bayani ya gaza a wurare biyu. Kyaftin ɗin Tenerife ɗan ƙasar Holan ne, na Portland Ba'amurke. A Mayun 2007 jirgin Kenya Airways ya faɗi bayan tashi daga Douala ta Kamaru, mutum 114 suka rasu, rahoton binciken kuma ya nuna kyaftin mai danne na ƙasa da shi da matashin mataimaki mai nauyin baki. Na biyu, Koriyawan da suka tuƙa jiragen Korean Air lafiya fiye da shekara ashirin ba su sauya harshen uwa ko tarbiyyar gidajensu ba. Abin da ya sauya shi ne abin da kamfani ke koyarwa, da abin da yake sakawa a kai, da abin da yake hukuntawa.

Wannan shi ne dalilin da ya sa haɗewa ke da haɗari. Idan ɗabi'ar ɗakin tuƙi kamfani ne ke gina ta, to duk abin da ya girgiza kamfani zai iya girgiza ta.

Jerin fifiko: inda rigima ke farawa

A yawancin manyan kamfanonin jiragen sama, rayuwar matuƙi tana rataye da lamba ɗaya, wato matsayinsa a jerin fifiko. Ita ke yanke lokacin da zai zama kyaftin, da girman jirgin da zai tuƙa, da albashinsa, da ko zai yi bikin sabuwar shekara a gida, da kuma wanda za a fara sallama idan kasuwa ta faɗi. Idan kamfanoni biyu suka haɗe, dole jeri biyu su koma ɗaya, kuma ba a taɓa samun hanyar da ta gamsar da kowa ba.

Misalin da ake yawan kafawa shi ne na America West da US Airways, waɗanda suka haɗe a Satumban 2005. Matuƙan US Airways sun fi daɗewa a aiki, amma kamfaninsu ya fito ne daga fatarar kuɗi, da yawansu kuma suna zaman jiran a maido su aiki. Suka nemi a jera kowa bisa ranar da aka ɗauke shi. A Mayun 2007 mai shiga tsakani George Nicolau ya yanke hukuncin da ya ajiye waɗanda aka dakatar a ƙasan jerin, ƙarƙashin matasan America West. Matuƙan US Airways, da yake su ne masu rinjaye, suka fice daga ƙungiyar ƙwadagonsu suka kafa sabuwa a 2008 domin kauce wa hukuncin. Aka shiga kotu shekara da shekaru. Jirage sun sha fenti iri ɗaya, amma ɓangarorin biyu ba su zauna ɗakin tuƙi ɗaya ba har kamfanin ya sake haɗewa da American Airlines a Disamban 2013, ba a kuma samu jeri guda ba sai 2016. A tsakiyar rikicin, a 2011, wata kotun tarayya ta haramta wa sabuwar ƙungiyar abin da ta ɗauka jan ƙafa ne a aiki da aka lulluɓe da sunan gangamin kiyaye haɗura. Wannan ita ce ɓarna mafi muni, domin da zarar ƙorafin lafiyar jirgi ya zama makamin ciniki, shugabanni za su daina gaskata shi ko a ranar da yake na gaskiya.

Delta da Northwest sun bi wata hanyar. Matuƙan ɓangarorin biyu sun amince da yarjejeniyar aiki guda tun kafin a kammala cinikin a Oktoban 2008, masu shiga tsakani suka fitar da jerin fifiko kafin shekarar ta ƙare, aka kuma samu lasisin aiki guda a ƙarshen 2009. Ba a rasa masu gunaguni ba, amma an cire ƙayar tun ba ta yi ruwa ba.

A Koriya ta Kudu alamun tsamin dangantaka sun bayyana tun da wuri. Ƙungiyar matuƙan Asiana ta fito fili ta yi adawa da cinikin a 2024, musamman batun sayar da sashen kaya, wanda a 2025 ya koma hannun Air Incheon tare da wasu ma'aikatansa. Ƙungiya ce mai tarihin tsayawa kai da fata, domin a 2005 ta yi yajin aikin kwana 25 har sai da gwamnati ta tsoma baki da dokar gaggawa. A Indiya ma, gabanin narkar da Vistara cikin Air India a Nuwamban 2024, matuƙan Vistara da dama sun riƙa ba da uzurin rashin lafiya a Afrilun shekarar saboda sabon tsarin albashi, har aka soke tafiye-tafiye masu yawa. Mataimakin da ke ganin kyaftin ɗin da ke gefensa ne ya tare masa ƙarin girma na shekara biyar, ko kyaftin ɗin da ke kallon mataimakinsa a matsayin ɗan kamfanin da aka ceto daga bashi, da wuya su yi wa juna gyara da zuciya ɗaya.

Littafi biyu, jirgi ɗaya

Korean Air da Asiana duk suna amfani da A380 da A330 da A321 da Boeing 777. Mai kallo daga waje zai zaci hakan ya sauƙaƙa komai. Amma kowane kamfani yana da nasa tsarin: wa zai karanta jerin abubuwan dubawa, wa zai taɓa wane maɓalli, wace kalma za a furta idan gudu ya ragu, a wane tsayi ne ya zama dole a fasa sauka idan jirgi bai daidaita ba. Matuƙi yana maimaita waɗannan har su zama jiki. Amfaninsu shi ne mutum biyu da ba su taɓa haɗuwa ba su yi aiki kamar sun shekara tare, kuma da ɗaya ya kauce, ɗayan ya gane nan take. Idan aka sauya littafin, tsohon sabo ba ya gushewa da sa hannu a takarda. A lokacin firgici, hannu yakan koma ga abin da ya fara koya.

Bayan haɗewar United da Continental a 2010, ƙungiyar matuƙan United ta garzaya kotu a Satumban 2011 tana neman a jinkirta sababbin ƙa'idojin tuƙi, bisa hujjar cewa ana koyar da su ta kwamfuta cikin gaggawa maimakon a aji da na'urar kwaikwayon jirgi. Kotu ba ta biya mata buƙata ba, kamfanin kuma ya samu lasisi guda a ƙarshen Nuwamban shekarar. Duk da haka tambayar da ta tayar tana nan: awa nawa na horo na zahiri ake buƙata kafin sabuwar ƙa'ida ta maye gurbin tsohuwa a hannun mutum?

Amsa mafi ɗaci ta fito ne daga Kanada. A ranar 10 ga Maris, 1989, jirgin Fokker F28 na Air Ontario ya kasa ɗagawa daga garin Dryden saboda ƙanƙarar da ta taru a fukafukansa, ya faɗa daji, mutum 24 cikin 69 suka rasu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Virgil Moshansky ya ƙi tsayawa a kan kuskuren kyaftin. Ya gano cewa kamfanin ya samu ne daga haɗewar 1987 tsakanin wani kamfani mai jigila a biranen kudancin Ontario da Austin Airways mai shawagi a dazuzzukan arewa, biyu masu ɗabi'u mabambanta. An yi yajin aikin matuƙa a 1988. Kyaftin ɗin ya fito daga ɓangare ɗaya, mataimakinsa daga ɗayan. F28 sabon jirgi ne a kamfanin, matuƙansa kuma suna dogara da littattafan kamfanonin Amurka biyu, Piedmont da USAir. An saki jirgin da lalataccen injin taimako zuwa filin da ba shi da na'urar tada inji, don haka aka bar inji ɗaya yana aiki, ƙa'ida kuma ta hana wanke ƙanƙara a wannan hali. Ma'aikaciyar jirgi da wasu fasinjoji, har da matuƙan da ba sa bakin aiki, sun ga ƙanƙarar, amma maganar ba ta isa ɗakin tuƙi ba. Rahoton, wanda ya fito a 1992, ya zama abin karantarwa a duniya kan yadda rikicin ofis ke bin jirgi har kan titin tashi.

Abin da ya kamata a sa wa ido

Koriya ta Kudu tana da abubuwan da ke taimaka mata. Wa'adin shekara biyu ya ba da sararin daidaita littattafai kafin a cakuɗa matuƙa. Kamfanonin biyu suna ƙarƙashin hukuma ɗaya da doka ɗaya. Jama'a kuma a farke suke, musamman bayan haɗarin Jeju Air a filin Muan ranar 29 ga Disamba, 2024, wanda ya ci rayuka 179, da gobarar da ta cinye jirgin Air Busan a ƙasa a Janairun 2025 bayan an kwashe kowa da rai. Jeju Air ba ya cikin wannan haɗewa, amma masifar ta sa duk wani sassauci a harkar jirage ya zama abin da gwamnati ba za ta iya karewa ba.

Ma'aunin nasara zai fito ne daga amsoshin wasu tambayoyi. Shin za a kammala jerin fifiko, da yardar ƙungiyoyin biyu ko hukuncin wanda duka suka amince da shi, kafin matuƙan su fara tashi tare? Shin za a zaɓi kowace ƙa'ida saboda ta fi inganci, ko kuwa saboda ta mai saye ce? Shin malaman horo da masu jarraba matuƙa za su fito daga ɓangarorin biyu? Idan duk masu jarrabawa 'yan gida ɗaya ne, kowace faɗuwa za a fassara ta da wariya.

Sai kuma batun rahoton kai. Kamfanonin zamani sun dogara da matuƙin da zai rubuta da kansa cewa ya yi kuskure, bisa alkawarin ba za a hukunta shi ba muddin ba ganganci ya yi ba, da kuma bayanan da na'urorin jirgi ke naɗa a kowace tafiya. Daga nan ake gano matsala tun tana ƙarama. Wanda ke fargabar makomarsa a sabon kamfani yakan ja bakinsa ya yi shiru. Saboda haka idan adadin rahotanni ya ragu a lokacin haɗewa, bai kamata shugabanni su yi murna ba. Ƙa'idojin Hukumar Kula da Sufurin Sama ta Duniya, ICAO, sun wajabta wa kamfani ya tantance haɗarin da ke tattare da duk wani babban sauyi kafin ya aiwatar da shi, kuma aikin hukumar ƙasa ne ta tabbatar tantancewar ba ta tsaya a takarda ba.

Darasi ga Nijeriya

Batun bai yi nisa da mu ba. Kamfanonin Aero Contractors da Arik Air sun shiga hannun hukumar AMCON a 2016 da 2017, kuma a 2024 shugabancin hukumar ya sake tado da shawarar haɗe su. Ko ba a yi hakan ba, akwai wata haɗewar da ke faruwa kullum ba tare da sanarwa ba. Duk lokacin da wani kamfani ya durƙushe, matuƙansa kan watsu cikin sauran, su haɗu da waɗanda aka ɗauko daga ƙasashen waje da waɗanda suka zo tare da jiragen haya, kowa da tarbiyyar aikinsa.

Rahotannin bincikenmu sun riga sun nuna inda rauni yake. A haɗarin ADC na 29 ga Oktoba, 2006 a Abuja, wanda ya ci rayuka 96 ciki har da Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Maccido, an ambaci tashi cikin mummunan yanayi, da gazawar horo kan kuɓuta daga iska mai juyawa, da rashin daidaiton aiki tsakanin matuƙan biyu. A haɗarin Dana Air na 3 ga Yuni, 2012 a Legas, inda dukkan mutum 153 da ke jirgin da wasu a ƙasa suka rasu, inji na farko ya fara ba da matsala tun farkon tafiyar, amma matuƙan ba su bi jerin matakan gaggawa ba, ba su kuma sauka a fili mafi kusa ba. Waɗannan abubuwa ne da hukumar NCAA da hukumar bincike ta NSIB da Kwalejin Koyon Tuƙin Jirgin Sama ta Zariya ke da hurumin bibiya, kuma ya dace su kasance cikin sharuɗɗan amincewa da duk wata haɗewa da za a kawo nan gaba, daidai da batun bashi da kadarori.

Mu ma al'umma ce mai girmama na gaba. Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A harkokin rayuwa da dama haka ne. A ɗakin tuƙi kuwa, yaro da babba allo iri ɗaya ke gabansu, wani lokacin ma na babban ne ya lalace, kamar yadda ya faru a Stansted. Karin maganar da ta dace da wurin ita ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Kamfanin da ya iya cusa wannan a zukatan matuƙansa, ya kuma kare wanda ya yi gyaran daga ramuwar gayya, ya yi rabin aikin.

Korean Air zai fito daga wannan ciniki a sahun manyan kamfanonin jiragen sama na nahiyar Asiya. Masu hannun jari za su auna shi da riba, gwamnati da yawan fasinjojin da ke ratsawa ta filin Incheon. Awon da ya fi waɗannan nauyi zai faru ne a wani dare mai hadari, lokacin da mataimakin da ya taso a Asiana zai ga gudu yana raguwa a hannun kyaftin ɗin da ya taso a Korean Air. Ko zai yi magana a daƙiƙar farko, ko kuma kyaftin ɗin zai saurare shi, ya danganta ne da hukuncin da ake yankewa yanzu a teburin sulhu da ɗakunan horo.